Asusu Shida a Kwamfuta Ɗaya: Nazarin Lamarin Wani Gida a Kawo, Kaduna

Yadda asusun suka taru, 2019 zuwa 2023

Maigidan malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare, yana zaune da iyalinsa a unguwar Kawo da ke arewacin birnin Kaduna. A shekarar 2019 ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a wani shago a cikin gari, domin ya riƙa buga tambayoyin jarrabawa da ajiye makin ɗalibai. Kwamfutar tana ɗauke da Windows 10 samfurin Home, da ma'ajiya irin ta SSD mai gigabait 256, wadda kusan 237 ne kawai suke bayyana ga mai amfani da ita. Mai shagon ya miƙa ta da asusu guda ɗaya mai suna User, wanda ba shi da kalmar sirri, kuma yana da cikakken iko, irin wanda masu gyara ke kira admin. Da wannan asusun maigidan ya ci gaba da aiki, kuma a cikinsa uwargida take ajiye lissafin cinikinta na turaren wuta da atamfofi.

A Windows asusu iri biyu ne ta fuskar iko. Mai cikakken iko yana iya ɗora manhaja, ya buɗe sabon asusu, ya goge na wani, ya kuma leƙa foldar kowa idan ya amsa tambayar izini da ke fitowa a allo. Mai taƙaitaccen iko kuwa aikinsa bai wuce cikin foldarsa da manhajojin da aka riga aka ɗora ba. Kowane asusu yana samun folda tasa a ƙarƙashin C:\Users a ranar da aka fara shiga da shi, kuma a nan ne takardunsa da hotunansa da abin da ya sauke daga intanet suke taruwa.

Asusu na biyu ya zo ne a lokacin kullen korona na 2020, da aka rufe makarantu, babban ɗan gidan ya dawo daga jami'a ya shiga da adireshinsa na Microsoft, ya kuma ba wa kansa cikakken iko. Shi ne ya buɗe wa autar gidan asusun yara a wannan shekarar, domin a iya ƙayyade mata lokacin kallo. A 2021 'yar gidan, wadda take karatu a Jami'ar Jihar Kaduna, ta sami nata, kuma da za ta ɗora manhajar nazarin alƙaluma don aikinta na kammala digiri sai yayanta ya mayar da shi mai cikakken iko. A 2022 ɗan ƙanin maigidan ya zo daga Zariya domin rajistar JAMB da shirin jarrabawar, ya zauna wasu watanni, aka buɗe masa asusu mara kalmar sirri. Bayan ya koma, ɗa na uku a gidan, wanda yake babbar sakandare, ya gaji wannan asusun yana yin ayyukan makaranta a ciki ba tare da an canza sunan ba. Na shida wani mai gyara ne ya buɗe shi a 2023 da sunan Test, lokacin da aka kai kwamfutar a canza mata allon madannai, kuma bai cire shi ba da zai mayar da ita.

Janairu 2025: ma'ajiya ta cika

A makon farko na zangon karatu na biyu maigidan ya lura cewa layin da ke nuna cikar ma'ajiya ya koma ja, kuma abin da ya rage bai wuce gigabait 3 ba. Sabuntawar Windows ta ƙi kammaluwa saboda ƙarancin wuri, kwamfutar tana jinkirin tashi, kuma sau da yawa manhajar rubutu takan tsaya cik idan yana adana aiki. Ya duba foldarsa ya ga duk abin da ya tara a shekara biyar bai kai gigabait 10 ba, don haka bai gane inda sauran wurin ya tafi ba.

Akwai kuma damuwa ta biyu wadda ba ta shafi wuri ba. Tambayoyin jarrabawar ɗalibansa suna cikin asusun da kowa zai iya buɗewa da dannawa ɗaya, alhali abokan ɗansa na uku, waɗanda wasunsu ɗalibansa ne, suna shigowa gidan da yamma su yi wasa da kwamfutar. Sai ya umarci yaron da ya cire duk sunayen da ba a amfani da su, ya kuma nemo wurin da ya ɓata.

Yunƙuri na farko: goge folda daga C:\Users

Yaron ya shiga da asusun mahaifinsa ya buɗe C:\Users, ya ga folda mai sunan ɗan baffansa da wata mai suna Test, ya ɗauka cewa goge su shi ne cire asusun. Ya riga ya kwashe ayyukansa na makaranta a filas. Foldar Test ba ta kai gigabait ɗaya ba, ta faɗa kwandon shara ba da wata matsala ba. Ɗayar kuwa gigabait 19 ce, sai Windows ta sanar da shi cewa ta fi ƙarfin kwandon, ta tambaye shi ko yana son a goge ta gaba ɗaya. Ya amsa da e.

Wurin da ya rage ya tashi zuwa gigabait 22, sabuntawar da ta maƙale ta shiga, amma sunaye shidan suna nan a allon shiga kamar yadda suke. Bayan kwana biyu yaron ya shiga asusun ɗan baffan nasa kamar yadda ya saba, ya ga fuskar kwamfutar wayam tare da sanarwar cewa an shigar da shi ne a mazauni na wucin gadi. Bai kula da sanarwar ba, ya buga aikin gida na shafi huɗu ya adana a Desktop, ya kashe kwamfutar. Washegari babu aikin, domin Windows tana share mazaunin wucin gadi ne duk lokacin da aka fita daga cikinsa.

Abin da ya faru a ƙarƙashi shi ne, Windows tana riƙe da jerin kowane asusu da wurin da foldarsa take a cikin rajistarta, wato kundin da take ajiye saitunanta, a wani sashe mai suna ProfileList. Da aka goge foldar da hannu, jerin ya ci gaba da nuni zuwa wurin da babu kowa, don haka duk wanda ya shiga sai a ba shi mazauni na aro.

A ƙarshen watan ne labari ya kai Zariya, ɗan ƙanin ya bugo waya yana cewa, "Baffa, ai hotunan bikin Yaya suna ciki, kuma wayar da na ɗauke su da ita an sace ta tun bara." An gwada wata manhajar dawo da abin da aka goge, ta fito da sunayen wasu fayiloli, amma da aka buɗe su babu komai a ciki. Ma'ajiyar SSD tana da wani tsari mai suna TRIM wanda ke wanke gurbin abin da aka goge jim kaɗan bayan gogewar, kuma a nan an riga an shafe makonni ana aiki da kwamfutar, har da babbar sabuntawar da aka zuba a kan wurin. Takardun sakamakon jarrabawarsa da aka ɗauki hotonsu ba su zama asara ba, domin na asali suna hannunsa. Hotunan bikin ba su dawo ba.

Fabrairu 2025: cire suna, folda ta tsaya

Zuwa tsakiyar Fabrairu wurin da ya rage ya sake sauka zuwa gigabait 14. A wannan karon yaron ya nemi shawarar wani abokinsa, wanda ya nuna masa tagar da ake buɗewa ta hanyar rubuta netplwiz, inda sunayen asusun suke a jere da maɓallin cirewa a ƙasa. Ya zaɓi asusun babban yayansa, wanda yake hidimar ƙasa a wata jiha kuma ya daɗe bai taɓa kwamfutar ba, ya cire shi. Sunan ya ɓace daga allon shiga nan take, amma wurin da ya rage bai ƙaru da komai ba.

Wannan tagar asusun kaɗai take cirewa, ba ta taɓa foldarsa, kuma haka umarnin net user yake yi idan aka goge asusu da shi. Foldar yayan, mai gigabait 68, tana nan a C:\Users, sai dai ba wanda ya gane ta, domin idan aka buɗe asusu da adireshin Microsoft, Windows takan ɗauki haruffa biyar na farkon adireshin ne ta raɗa wa foldar suna. Adireshin yayan ya fara ne da laƙabinsa na makaranta, wanda ba a kiran sa da shi a gida, don haka ƙanin ya ɗauka foldar ta Windows ce ya bar ta.

Da yayan ya ji abin da aka yi, ya ce a sake shigar da adireshinsa. Aka yi haka, asusun ya buɗe, amma babu fina-finansa da takardunsa, kuma a C:\Users sai ga sabuwar folda mai haruffa biyar ɗin nan da wani ƙari a bayansu. Dalili kuwa, Windows tana gane asusu ne da wata doguwar lamba da ake kira SID, kuma duk asusun da aka buɗe sabo yana samun sabuwar lamba ko da sunansa da adireshinsa ba su canza ba. Tsohuwar foldar tana ɗaure da tsohuwar lambar da aka soke. Fayilolin da ke cikinta suna buɗuwa ga mai cikakken iko, kuma abin da yake OneDrive, rumbun ajiyar Microsoft, yana nan a intanet tunda cire asusu daga kwamfuta ba ya rufe asusun Microsoft ɗin kansa. Abin da ya ƙi buɗuwa shi ne kalmomin sirrin da ya adana a Chrome, domin bai haɗa su da asusunsa na Google ba, kuma Chrome tana kulle su ne da mabuɗin da ke ɗaure da asusun Windows da aka adana su a ciki. An kwafe foldar Chrome zuwa sabon asusun, shafukan da ya yi wa alama suka dawo, kalmomin sirrin ba su dawo ba. Ya sake saita su ɗaya bayan ɗaya ta lambar wayarsa.

Maris 2025: shawarar fomatin

Maigidan ya kai kwamfutar wani shago, mai gyaran ya ce a yi mata fomatin a zuba sabuwar Windows, aiki na yini ɗaya. Da ya tambaya ko za a kwashe masa kayan kowa kafin a goge, sai aka ce ya nuna waɗanda yake so. Bai san abin da ke cikin foldar 'yarsa ba, bai kuma san wace folda ce ta babban ɗansa ba, ga labarin hotunan bikin bai huce ba. Ya ɗauko kwamfutar ya dawo da ita gida ba a taɓa ta ba, wurin da ya rage a lokacin gigabait 11.

Makon ƙaramar sallah: ƙidaya da kwashe kaya

An yi ƙaramar sallah ranar Lahadi, 30 ga Maris, 2025, kuma 'ya'yan gidan duka sun hallara. Malamin kwamfuta na makarantar da maigidan ke koyarwa ya zo gaisuwar sallah, aka nuna masa kwamfutar, ya ce, "Malam, kafin mu taɓa komai a kira mini duk wanda sunansa ke kan allon nan, a kuma nemo faifan ajiya na waje." Aka aro faifai mai terabait ɗaya daga wani maƙwabci.

Ya fara da buɗe tagar umarni ya rubuta net user, sai ga sunaye goma maimakon shida. Huɗun da suka ƙaru su ne Administrator da Guest da DefaultAccount da WDAGUtilityAccount, waɗanda Windows ce ke zuwa da su, a kulle suke, kuma ba a goge su. Ɗa na uku ya so a cire su su ma, malamin ya hana. Sannan ya rubuta net localgroup administrators, wanda ya nuna cewa banda Administrator na Windows, asusu huɗu ne ke da cikakken iko: User da na 'yar gidan da na ɗan ƙanin da Test. Uku daga cikinsu ba su da kalmar sirri. Kayan aikin lusrmgr.msc da ake sarrafa asusu da shi a ofisoshi ba ya aiki a samfurin Home, don haka da umarnin nan biyu da Settings aka yi duk aikin.

Daga nan ya buɗe sabon asusu mai cikakken iko wanda ba a haɗa shi da intanet ba, maigidan ya sa masa kalmar sirri da hannunsa, aka rubuta ta a takarda aka ba uwargida ta ajiye. Ana buƙatar wannan domin ba a iya goge asusun da ake ciki, kuma ba a so a wayi gari babu mai cikakken iko ko ɗaya. Ya kuma duba ko ma'ajiyar a kulle take da tsarin ɓoye bayanai na Windows, saboda a kwamfutocin da tsarin ke aiki, mabuɗin ceto mai lamba 48 yakan tafi ne asusun Microsoft na mai cikakken ikon da ya shiga, wanda a nan zai zama babban ɗan. Tsarin ba ya kunne, aka wuce.

Mafi yawan lokacin ya tafi ne wajen kwashe kaya. An ɗauki takarda aka rubuta kowace folda da ke C:\Users, da girmanta, da mai ita, sannan kowa ya zauna da kansa ya buɗe tasa. 'Yar gidan ta ce ba ta da wani abu sai babin aikin digirinta da ke Documents, amma da aka buɗe Downloads sai ga duk gyare-gyaren da malamin da ya duba aikin ya turo mata ta imel, da rasidin kuɗin makaranta na shekara uku, da takardar kammala karatu ta wucin gadi. Wannan yana da muhimmanci ga matakin da ya biyo baya, domin zaɓin Keep Files da Control Panel ke bayarwa idan za a goge asusu yana ajiye Desktop da Documents da Favorites da Music da Pictures da Videos ne kawai, babu Downloads a ciki, babu kuma ɓoyayyiyar foldar AppData inda manhajoji ke ajiye bayanansu. Don haka aka kwafe foldarta gaba ɗaya, gigabait 31, kuma tun tana cikin asusun ta fitar da kalmomin sirrinta daga Chrome ta mayar da su wayarta, aka goge fayil ɗin da aka fitar, tunda a buɗe yake kowa na iya karantawa.

A tsohuwar foldar babban ɗan an tarar da cewa fiye da gigabait 50 fina-finai ne da wasannin ƙwallo da ya ce a zubar. Wasu fayilolin OneDrive ɗinsa sun ƙi kwafuwa, domin sunansu ne kawai ke kan kwamfutar, ainihinsu yana intanet, kuma ya tabbatar ta wayarsa cewa suna nan. Sauran aka kwafe. Bayan an gama, kowa ya buɗe wasu fayilolinsa daga kan faifan wajen domin a tabbatar suna buɗuwa. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafin farko, batirin kuma ya tsufa, sai da aka tayar da janareto aka sake daga farko.

A ranar ba a goge asusu ko ɗaya ba. Malamin ya kulle huɗun da za a cire da umarnin net user tare da sunan asusun da /active:no, wanda ke ɓoye suna daga allon shiga ba tare da ya taɓa foldar ba, ya ce a bar su haka mako biyu ko wani zai tuna da abin da ya manta. A cikin makonnin nan 'yar gidan ta tuna da wasu lambobin rajista da ta rubuta a manhajar Sticky Notes, aka buɗe mata asusun da /active:yes ta kwafe su, aka sake kullewa.

Tsakiyar Afrilu 2025: cirewa

An sake kunna kwamfutar, aka shiga da sabon asusun maigidan, aka duba shafin Users na Task Manager domin a tabbatar babu wanda aka bari a ciki, saboda sauya asusu ba tare da fita ba yana barin na farkon a buɗe, fayil ɗinsa na NTUSER.DAT, wanda ke riƙe da saitunan asusun, kuma ba ya goguwa a wannan halin. Sannan aka buɗe asusun huɗun aka bi Settings, aka shiga Accounts, aka shiga Family & other users, aka cire su ɗaya bayan ɗaya da maɓallin Delete account and data, wanda ke tafiya da asusun da foldarsa tare kuma ba ya bi ta kwandon shara. Na 'yar gidan da sabon na babban ɗan da na ɗan ƙanin da Test duk sun fita cikin mintoci kaɗan.

Tsohuwar foldar gigabait 68 ba ta bayyana a Settings, tunda ba ta da asusu. Ita an bi ta ne ta tagar da ake buɗewa da rubuta sysdm.cpl, a shafin Advanced, a ƙarƙashin User Profiles, inda ta fito da sunan Account Unknown tare da girmanta. Gogewa daga nan tana cire foldar da kuma layinta a ProfileList. Wurin da ya rage ya tashi zuwa kimanin gigabait 110.

Asusun User ba a goge shi ba, domin nan ne aikin maigidan da lissafin uwargida suke. An sa masa kalmar sirri, aka mayar da shi mai taƙaitaccen iko, aka canza sunan da ke fitowa a allo, ko da yake foldar tana nan da sunan User, tunda canza suna ba ya taɓa ta. An buɗe wa ɗa na uku nasa mai taƙaitaccen iko. Asusun auta ya tsaya, sai dai ikon ƙayyade mata lokaci yana hannun babban ɗan ne a rukunin iyali na Microsoft, wanda a intanet ake sarrafa shi, don haka ya gayyaci adireshin mahaifiyarsu ya ba ta ikon gudanar da rukunin.

Sakamako da dalilai

Zuwa ƙarshen zangon karatu na uku kwamfutar tana da asusu huɗu, ɗaya ne kawai mai cikakken iko, sabuntawa tana shiga ba tare da tsayawa ba, kuma duk lokacin da ɗa na uku ya so ɗora wasa sai allon ya nemi kalmar sirrin da ba shi da ita. Asarar da ta tabbata ita ce hotunan bikin, da aikin gida guda ɗaya, da kalmomin sirrin da aka sake saitawa.

Yunƙuri biyun farko sun gaza ne ta hanyoyi masu kishiyar juna, kuma tushensu ɗaya: asusu daban yake da foldarsa, lambar SID ce ke haɗa su. A Janairu an goge folda aka bar asusu, a Fabrairu an cire asusu aka bar folda. Maɓallin da ke yin aikin biyu tare yana nan a Settings tun farko, amma da yaron ya same shi a Janairu, da ya tafi da foldar yayarsa da Downloads ɗinta kamar yadda ya tafi da hotunan bikin, kuma fomatin da aka ba da shawara a Maris da haka zai yi wa kowa a lokaci guda. A ganin marubucin, abin da ya bambanta aikin Afrilu shi ne masu kayan sun zauna sun buɗe foldarsu da kansu, da kuma mako biyun da aka bar asusun a kulle. Laifin yaron kaɗan ne, domin an ba shi umarni ne a kan kwamfutar da duk wanda ya ɗaga murfinta yake da cikakken iko, kuma wannan ya samo asali ne daga asusun da mai shago ya miƙa ba kalmar sirri, wanda aka bari haka shekara biyar.

Abu ɗaya ya rage a buɗe. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma injin wannan kwamfutar ya girmi zubi na takwas na Intel da Windows 11 ke nema. Shirin ƙarin sabuntawar tsaro da kamfanin ya sanar ga masu amfani na gida, zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ya buƙaci a shiga da asusun Microsoft mai cikakken iko, alhali asusun maigidan na cikin kwamfuta ne kawai. Babban ɗan ya ce a yi amfani da adireshinsa, maigidan ya ƙi, ya buɗe nasa adireshin ya yi rajistar da shi.